Maganin tartsatsin walda: Ire-irensa, yadda ake zaɓarsa da haɗurran da ke tattare da shi

A ƙarshen watan Afrilun 2024 ne Hukumar Kare Muhalli ta Amurka, wato EPA, ta fitar da wata doka da ta haramta mafi yawan ayyukan da ake yi da wani sinadari mai narkar da maiƙo da fenti, bayan da ta ce ya hallaka aƙalla mutane 88 a ƙasar tun daga shekarar 1980.

Daga cikin kayayyakin da haramcin ya shafa har da wani gwangwanin feshi da masu walda suka daɗe suna amfani da shi domin hana tartsatsi mannewa a jikin ƙarfe.

Maganin tartsatsi dai abu ne da ake ɗauka ƙarami a shagon walda, to amma zaɓinsa na iya shafar ƙarfin haɗin ƙarfe, da kyan fenti, da kuma lafiyar mai aiki da ta yaran shagonsa.

Mene ne tartsatsin walda?

A lokacin da ake waldar lantarki, zafin da ke tsakanin bakin sandar walda da jikin ƙarfe yakan kai dubban digiri a ma'aunin Selshiyas, alhali kuwa shi ƙarfe yana narkewa ne a wajen digiri 1,500.

A cikin wannan zafi ne wasu ɗigo-ɗigon narkakken ƙarfe ke fantsama waje. Waɗanda suka huce kafin su sauka sukan zube ƙasa, waɗanda kuma suka sauka da zafinsu sai su manne a jikin aikin kamar ƙuraje.

Illar wannan tartsatsi ba ta tsaya ga muni ba. Fenti ba ya zama da kyau a kansa, kuma daga nan ne tsatsa kan fara. Idan ya faɗa a kan zaren kusa ko a wurin da ƙarafa biyu za su haɗu, sai ya hana su zama daidai.

A waldar waya da iskar gas, wadda aka fi sani da MIG, tartsatsin yakan taru a bakin bindigar walda, ya toshe hanyar iskar da ke kare narkakken ƙarfe. Da zarar kariyar ta ragu, sai ƙananan ramuka su bayyana a cikin haɗin, ƙarfinsa ya ragu.

Cire tartsatsi da cizal ko giranda na cin lokaci da kuɗi, ga ƙura da ƙara da kuma haɗarin ɓarɓashin ƙarfe ga ido. Wannan ne ya sa masana'antun motoci da jiragen ruwa da na ƙarafan gini suka rungumi magungunan hana shi mannewa.

Abubuwan da ke haddasa shi

Yawan tartsatsi ya danganta ne da irin waldar da ake yi. Waldar sanda, wadda ita ce ta fi yawa a shagunan bakin titi, tana fitar da shi sosai. Waldar TIG, wadda ake yi da tsinken ƙarfen da ba ya narkewa, kusan ba ta fitar da shi.

Ita kuwa waldar MIG, wadda aka ƙirƙiro a Amurka a shekarar 1948, da farko ana yin ta ne da iskar gas mai tsada. A shekarar 1953 wasu injiniyoyi biyu na Tarayyar Sobiyet, Lyubavskii da Novoshilov, suka nuna cewa ana iya yin ta da iskar kabon dayoksayid mai arha.

Wannan ya sauƙaƙa farashin aiki, sai dai ya ƙara yawan tartsatsi. Shi ya sa a yau masana'antu da dama ke amfani da gaurayen iska, inda agon ke ɗaukar kimanin kashi 75 zuwa 82 cikin ɗari, sauran kuma kabon dayoksayid.

Sauran dalilan sun haɗa da ƙara wa inji wuta fiye da abin da kaurin sanda ke buƙata, da nesanta sandar daga jikin ƙarfe, da rashin daidaito tsakanin ƙarfin wuta da gudun waya.

Haka kuma tsatsa, da tsohon fenti, da maiƙo, da sandar da ta sha laima, da wayar ƙasa da ba ta kama da kyau ba, duk suna sa wutar walda ta riƙa rawa tana watsa ƙarfe. Wutar janareta da ke hawa tana sauka ita ma tana taimakawa.

Abin lura a nan shi ne, maganin tartsatsi ba ya rage yawan abin da ke fantsama. Aikinsa kawai shi ne hana shi kamawa. Saboda haka masu koyar da sana'ar kan ce gyaran inji da tsabtace ƙarfe su ne matakin farko, magani kuma na biyu.

Ire-iren magungunan

Duk magungunan suna aiki ne ta hanya ɗaya, wato su shimfiɗa wani siririn rufi a kan ƙarfe. Idan ɗigon narkakken ƙarfe ya sauka a kai, rufin zai hana shi haɗewa da jikin aikin, sai ya huce ya faɗi, ko kuma a share shi da burushin waya.

Nau'i na farko shi ne feshin gwangwani mai ɗauke da sinadari mai narkar da maiƙo. Sinadarin ne ke ɗauko man zuwa jikin ƙarfe, sa'an nan ya bi iska cikin 'yan daƙiƙoƙi. Saurin bushewarsa ne ya sa aka fi son sa, kuma a cikinsa ne mafi girman haɗari yake.

Nau'i na biyu shi ne wanda aka haɗa da ruwa. Galibi ana yin sa ne da man tsirrai kamar na waken soya, da wasu sinadarai dangin sabulu da ke sa mai da ruwa su gauraya. Ba ya kama wuta, yana fita da ruwa ko da tsumma, kuma ana sayar da shi a jarka a riƙa zubawa a kwalbar feshi ta hannu.

Naƙasunsa shi ne jinkirin bushewa. Idan aka yi gaggawar fara walda a kan jiƙaƙƙen ƙarfe, danshin na iya haifar da ramuka a cikin haɗin. Wanda ya zuba a daɓe kuma yana sa santsi.

Nau'i na uku shi ne mai kauri kamar basilin, wanda ake tsoma bakin bindigar MIG a ciki. Wannan na bindiga ne kawai, ba a shafa shi a jikin aikin. Ana tsoma ɗan bakin ne bayan ya yi zafi, a bari rarar ta ɗige a gefe kafin a koma kan aiki. Idan aka tsoma da sanyi ko aka zurfafa, sai ya toshe ƙananan kafofin da iskar gas ke fitowa.

Nau'i na huɗu shi ne feshin seramik, wanda ke barin busasshen farin rufi mai jure zafi a bakin bindiga da kuma ƙarafan da ke riƙe aiki. Ya fi sauran tsada, amma feshi ɗaya kan daɗe ana aiki da shi, don haka ya fi karɓuwa a masana'antun da injuna masu sarrafa kansu ke yin walda.

Baya ga waɗannan, akwai wani rabon da ya ratsa su duka, wato wanda ke ɗauke da silikon da wanda ba ya ɗauke da shi.

Zaɓi gwargwadon aiki

Tambayar farko da ya kamata mai saye ya yi wa kansa ita ce: me za a yi wa ƙarfen bayan an gama walda?

Idan fenti za a yi masa, to maganin da ke da silikon bai dace ba. Silikon na jure zafi ƙwarai, amma ɗan kaɗan daga cikinsa ya isa ya sa fenti ya riƙa janyewa yana barin ƙananan ramuka kamar idon kifi. Wanke shi kuma na da wuya, kuma iska na iya ɗaukar feshinsa zuwa kan wani aikin da ke gefe.

Haka lamarin yake ga ƙarfen da za a tsoma a narkakkiyar tutiya domin hana shi tsatsa. Ruwan sinadaran da ake wanke ƙarfe da su kafin tsomawa ba sa cire silikon, sai a ga tutiyar ta ƙi kama wurin, ya fito tsirara.

Tambaya ta biyu ita ce, wane nauyi haɗin zai ɗauka? Mai da ruwa duk suna ɗauke da haidurojin, kuma idan ya shiga cikin narkakken ƙarfe mai tauri yana iya sa haɗin ya tsage bayan ya huce, wani lokaci ma sai bayan sa'o'i ko kwanaki.

Saboda haka a aikin bututun mai da gas, da tukunyar tururi, da ginshiƙan gada, ba a fesa komai sai abin da takardar tsarin aikin ta amince da shi, kuma ba a bari maganin ya shiga cikin tsagin da za a cike da walda.

Alminiyam shi ma ba ya son danshi ko maiƙo ko kaɗan. Shi kuwa ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda ake yin tukwanen masana'antar abinci da shi, sinadarai masu kulorin na iya yi masa lahani.

Tambaya ta uku ita ce, a ina za a yi aikin? A cikin tanki, ko rami, ko ɗaki marar taga, duk wani feshi mai sinadarin narkarwa haɗari ne, ko mai kama wuta ne ko marar kamawa.

A kowane hali, ƙa'idar shafawa ɗaya ce: a girgiza gwangwani, a fesa sama-sama daga nisan kimanin taƙi ɗaya, a jira ya bushe, a kawar da gwangwanin, sa'an nan a kunna wuta.

Sinadarin da aka haramta

Sinadarin da dokar Amurka ta shafa shi ne daikuloromiten, ko DCM a taƙaice. A jikin gwangwani ana rubuta sunansa da Turanci dichloromethane ko methylene chloride.

Ruwa ne garai mai ɗan ƙamshi, wanda ke tafasa a digiri 40 kacal, wato zafin da garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri da Yamai kan wuce a watan Afrilu. Tururinsa ya ninka iska nauyi kusan sau uku, don haka yakan kwanta a ƙasan tanki ko rami, inda mai walda ke durƙusawa.

Masu haɗa magunguna sun so shi ne saboda yana bushewa nan take kuma ba ya saurin kama wuta.

Idan mutum ya shaƙe shi da yawa, yakan fara da jiri da ciwon kai da tashin zuciya, kamar wanda ya bugu, daga nan sai suma, numfashi ya tsaya. Bugu da ƙari, hanta na juya wani ɓangare nasa ya koma kabon monoksayid, irin gubar da ke cikin hayaƙin janareta, wadda ke hana jini ɗaukar iskar shaƙa.

Wannan juyi na ci gaba a cikin jiki ko bayan an bar wurin aiki, kuma haɗarinsa ya fi tsanani ga masu ciwon zuciya da masu shan taba.

A shekarar 1997 Hukumar Kula da Lafiya da Tsaron Ma'aikata ta Amurka, wato OSHA, ta rage iyakar abin da ma'aikaci zai iya shaƙa a aikin sa'o'i takwas daga kashi 500 cikin miliyan ɗaya na iska zuwa kashi 25. Dokar 2024 kuwa ta sa iyakar kashi 2 kacal ga 'yan ayyukan da aka bari a ci gaba da yi da shi. Kafin hanci ya ji warinsa, ya riga ya wuce waɗannan iyakoki nesa ba kusa ba.

A shekarar 2014 Cibiyar Binciken Ciwon Daji ta Duniya, wato IARC, da ke birnin Liyon na Faransa, ta ɗaga matsayinsa zuwa rukunin abubuwan da ake kyautata zaton suna haddasa ciwon daji. Hakan ya biyo bayan gano sankarar hanyar madaciya a tsakanin ma'aikatan wata maɗaba'a a birnin Osaka na Japan a 2012, waɗanda suka yi aiki da shi tare da wani sinadarin ɗan'uwansa.

Akasarin mace-macen da aka ƙidaya a Amurka dai sun auku ne wajen cire fenti a wurare marasa iska, musamman banɗaki, ba wajen walda ba. Tarayyar Turai ma ta yanke shawarar hana sayar da magungunan cire fenti masu ɗauke da shi tun a 2009.

Takunkumin hana ƙura ba ya tare tururinsa, kuma ko takunkumi mai matatar gawayi yana saurin ratsa shi. Safar hannu ta roba irin ta asibiti ita ma ba ta daɗewa a gabansa.

Iskar fosjin

Haɗarin da ya keɓanta da walda shi ne abin da ke faruwa idan sinadari mai kulorin ya gamu da wutar walda. Tsananin zafi da kuma hasken da ido ba ya gani, wanda ke fita daga wutar, sukan wargaza sinadarin ya koma wasu iskoki masu guba, ciki har da fosjin.

Wani masanin kimiyya ɗan Birtaniya, John Davy, shi ne ya fara haɗa fosjin a shekarar 1812. A Yaƙin Duniya na Ɗaya an yi amfani da ita a matsayin makami, inda sojojin Jamus suka sake ta a kan na Birtaniya kusa da garin Ipir na Beljiyam a watan Disamban 1915. Ita ce ta yi sanadin mafi yawan mace-macen da iskar guba ta haddasa a yaƙin.

Fosjin ba ta da launi, warinta kuma kamar na ciyawar da aka yanka ta fara ruɓewa. Iyakar da OSHA ta gindaya mata ita ce kashi 0.1 cikin miliyan, yayin da kashi 2 cikin miliyan ake ɗaukarsa barazana ga rai nan take.

Babbar makirarta ita ce jinkiri. Mutum na iya jin ɗan tari da ƙaiƙayin maƙogwaro da hawaye, sa'an nan ya ji sauƙi ya koma gida. Bayan wasu sa'o'i, wani lokaci har zuwa 48, sai ruwa ya taru a huhunsa, numfashi ya gagara. Ba ta da makari, sai dai kulawar asibiti.

Ba maganin tartsatsi ne kaɗai ke jawo wannan ba. Wasu feshin wanke birkin mota da na cire maiƙo na ɗauke da sinadaran da ake rubuta sunayensu tetrachloroethylene ko trichloroethylene, kuma waɗannan sun fi DCM saurin haifar da fosjin.

Ɗan abin da ya maƙale a cikin wani rami ko tsagi na ƙarfe ya isa ya yi ɓarna. Hasali ma ba sai sinadarin ya taɓa wutar ba, domin hasken waldar MIG da TIG na iya wargaza tururin da ke yawo a iska daga nesa. Wannan ne ya sa ƙa'idojin OSHA suka tanadi cewa wajen wanke ƙarfe da irin waɗannan sinadarai ya kasance inda tururinsu ba zai isa wajen walda ba.

Gobara da fashewa

Guje wa kulorin ba ya nufin an tsira baki ɗaya. Sinadaran da wasu kamfanoni suka maye gurbinsa da su suna kama wuta, kuma iskar da ke tura maganin daga cikin gwangwani sau da yawa dangin gas ɗin girki ce.

Fesa irin wannan a kan jan ƙarfe, ko kusa da wanda ke cikin yin walda, na iya tayar da harshen wuta a fuskar mai fesawa.

Gwangwanayen feshi na ɗauke da gargaɗin kada a bar su a zafin da ya wuce digiri 50. Teburin ƙarfe da ke cikin rana, ko cikin motar da aka rufe, ko shagon kwano da tsakar rana a lokacin bazara, duk suna iya kaiwa haka. Ɗigon tartsatsi ɗaya ma na iya huda gwangwanin da aka ajiye a gefen aiki.

Ƙa'idar da ake bi a Amurka ita ce a nesanta duk abin da ke kama wuta da kimanin mita 11 daga wajen walda, a kuma ci gaba da sa ido aƙalla rabin sa'a bayan an gama, a wuraren da ake fargabar tashin gobara.

Ga masu waldar gas kuwa, bai halatta mai ko maiƙo kowane iri ya kusanci kan tukunyar iskar oksijin ko bututunta ba, domin haɗuwarsu na iya tayar da wuta ba tare da ashana ba.

Hayaƙin walda kansa

Ko da an zaɓi magani mafi sauƙin illa, abin da ya ƙone daga cikinsa ƙari ne a kan hayaƙin da dama can yake da haɗari.

A shekarar 2017 cibiyar IARC ta sanya hayaƙin walda a rukuni na ɗaya, wato na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji, musamman na huhu. Cibiyar ta ƙiyasta cewa masu sana'ar walda a duniya sun kai miliyan 11, baya ga wasu ma'aikata miliyan 110 da hayaƙin kan shafa.

Sakamakon haka, a watan Fabrairun 2019 hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Birtaniya, wato HSE, ta sanar cewa buɗe ƙofa da taga kaɗai bai wadatar ba, dole ne a sa na'urar zuƙe hayaƙi a cikin gini, a kuma sa takunkumin da ya dace ko da a fili ake aikin. Ostareliya ita ma a 2024 ta rage iyakar hayaƙin daga miligiram 5 zuwa 1 a kowace mita kubik ɗaya ta iska.

Waldar ƙarfe mai rufin tutiya na haddasa wani zazzaɓi mai kama da mura, wanda ke tasowa bayan wasu sa'o'i. Masu walda da dama, a Afirka da ma Turai, sun yi imanin cewa shan madara na wanke gubar hayaƙi. To sai dai babu wata hujjar likitanci da ta tabbatar da haka, domin madara ciki take zuwa, hayaƙi kuwa huhu.

Karanta jikin gwangwani

Tsarin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar na yi wa sinadarai alama ya sauƙaƙa gane haɗari ko ga wanda ba ya jin Turanci ko Faransanci. Alamomin na zuwa ne a cikin jan murabba'i mai tsaye a kan kusurwa.

Hoton harshen wuta na nufin abin yana kamawa. Hoton mutum mai tauraro a ƙirji na nufin illa mai tsanani ga lafiya, kamar ciwon daji ko lahani ga kayan ciki. Ƙoƙon kai da ƙasusuwa kuwa guba ce mai saurin kisa.

Duk sunan sinadarin da aka ga harufan chlor a cikinsa abin tuhuma ne. Kowane sinadari kuma yana da lambarsa ta duniya da ba ta canzawa ko da an sauya masa suna, kuma ta DCM ita ce 75-09-2.

Akwai wani wurin da ake yawan ruɗewa. Idan gwangwani ya ce abin da ke cikinsa ba ya kama wuta, to galibi ko dai na ruwa ne, ko kuma mai kulorin ne. Wanda ya bushe nan take, ya bar sanyi a jikin ƙarfe tare da ɗan ƙamshi, ba na ruwa ba ne.

Kowane magani na ƙwarai yana da takardar bayanan kariya mai sashe 16, wadda ake iya nema wajen dillali ko a shafin intanet na kamfanin. Sashe na 3 na bayyana abin da aka haɗa shi da shi, na 8 kayan kariya, na 10 kuma abin da yake komawa idan ya gamu da wuta.

Halin da ake ciki a kasuwannin yankin

Haramcin da aka yi a Amurka bai shafi abin da ake haɗawa ko ake sayarwa a wasu ƙasashe ba. A Nijeriya, hukumar NAFDAC ce ke ba da izinin shigo da sinadarai, yayin da NESREA ke sa ido kan abin da ya shafi muhalli.

A cibiyoyin ƙere-ƙere irin su Panteka a Kaduna, da Ƙofar Ruwa a Kano, da Katako a Yamai, da Suwame a Kumasi, masu walda da kanikawa da masu fenti kan yi aiki kusa da juna. A irin wannan yanayi, abin da wani ya fesa na iya isa ga wutar maƙwabcinsa.

Inda babu maganin kanti, wasu kan koma ga baƙin mai, ko man dizal, ko kananzir. Waɗannan suna kama wuta, suna ƙara baƙin hayaƙi, suna kuma ɓata haɗi da fenti.

Hanya mafi arha kuma marar guba ita ce rufe wurin da ba a so tartsatsi ya taɓa da guntun kwano, ko fata, ko bargon walda. Sai dai a guji tsofaffin barguna na asbestos, waɗanda ƙurarsu ke haddasa ciwon daji.

Idan haɗari ya auku

Duk wanda ya ji jiri, ko tari, ko ƙuncin ƙirji, ko wani baƙon wari bayan ya yi walda a kan ƙarfen da aka fesa wa magani, to a kashe inji, a fitar da shi zuwa fili.

Kada a bar shi ya yi tafiya mai nisa ko aikin ƙarfi, domin motsa jiki na ƙara tsananta illar fosjin ga huhu. A kai shi asibiti ko da ya ce ya warware, a tafi da gwangwanin domin likita ya gani, a kuma bayyana cewa walda yake yi.

Idan maganin ya shiga ido, a wanke da ruwa mai tsabta na tsawon minti 15. Tufafin da suka jiƙe da shi kuma a cire su.

Wanda ya faɗi a cikin tanki ko rami, kada kowa ya bi shi ciki ba tare da na'urar numfashi da igiya da mai tsaro a waje ba, domin iskar da ta kayar da na farko tana nan tana jiran na biyu.